Faifan Garmaho da Maƙiyansa: Yadda Za a Adana Shi Daga Bazara Zuwa Hunturu

Gabatarwa

Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da aka zo kwashe kayan ɗakinsa, sai aka tarar da wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Tun muna yara mun san akwatin, kuma mun san ba a taɓa shi. A ciki ne yake ajiye faya-fayan garmaho da ya tara tun yana saurayi, yawancinsu na makaɗan Hausa. Da na ɗaga murfin, warin ruma ne ya fara yi mini maraba. Kwalayen da ke ƙasa gara ta cinye su saura gutsattsari. Waɗansu faya-fayan sun lanƙwashe kamar ganyen da ya sha rana, waɗansu kuma wani farin abu mai kama da auduga ya lulluɓe su. Cikin faifai fiye da arba'in, waɗanda suka yi magana sosai da muka ɗora su a kan inji ba su kai rabi ba.

Da yake nazarin halittu ne sana'ata, sai na kankari kaɗan daga farin abin nan na kai ɗakin gwaji, na duba shi a madubin ƙara girma. Abin da na gani shi ne abin da nake nuna wa ɗalibai kowace shekara a jikin ruɓaɓɓen burodi, wato funfuna. Daga nan na gane cewa adana faifai darasi ne na kimiyya sukutum. Mahaifinmu ya ƙaunaci faya-fayansa, ya kulle su, ya hana yara taɓawa. Abin da ya rasa kawai shi ne sanin maƙiyansu. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana wa mai karatu waɗannan maƙiya, da lokacin da kowane yake kawo hari, da yadda za a tare shi da kayan da ake samu a gida.

Me Ya Sa Za a Damu da Tsohon Faifai?

Ɗalibi zai iya tambaya: ina amfanin faifai a zamanin da waƙa take cikin wayar hannu? Amsar tana da fuska biyu. Ta farko, faifai bai mutu ba. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, da faifan CD, wanda ya shigo kasuwa a 1982, sun ture shi gefe na wani lokaci, amma ya sake farfaɗowa. A Amurka, a shekarar 2022, yawan faya-fayan garmaho da aka sayar ya zarce na CD, abin da rabon da a gani tun 1987.

Fuska ta biyu ta fi shafar mu. Kafin kaset ya yaɗu, a kan faifai ake sayar da waƙoƙin makaɗa irin su Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Gidajen rediyo, kamar na Kaduna wanda aka kafa a 1962, da faifai suka daɗe suna aiki. Ba kowace waƙa da aka buga a faifai aka kwafa zuwa kaset ko kwamfuta ba. Saboda haka faifan da ke cikin akwatin kakanka yana iya zama ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka rage na wata waƙa. In ya lalace, muryar mai ita da Hausar zamaninsa da sunayen mutanen da ya ambata sun ƙara matsawa kusa da ɓata.

Yadda Sauti Yake Zaune a Jikin Faifai

Ba za a fahimci abin da ke lalata faifai ba sai an san yadda yake riƙe da sauti. Sauti girgiza ce da ke tafiya cikin iska. Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana jin girgiza daga kamar sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya. A 1877 Thomas Edison ya ƙera injin da ke zana wannan girgiza a jikin wani abu mai siffar gwangwani, sannan ya maido ta. A 1887 kuma Emile Berliner ya fito da dabarar zana ta a kan abu mai faɗi, zagayayye. Da ya iso ƙasar Hausa, sai aka ga ya yi kama da faifan da mata ke rufe ƙwarya da shi, aka ba shi wannan suna.

In ka duba fuskar faifai, za ka ga kamar layuka ne barkatai. A gaskiya layi ɗaya ne tak, wata siririyar tsaga da ta faro daga baki tana kewayawa har kusa da tsakiya. Faɗinta bai wuce kaurin silin gashin kai ba. Bangayenta biyu ba a miƙe suke ba, a karkace suke, suna tafiyar maciji, kuma wannan karkacewar ita ce sautin. Idan faifai yana juyawa, allura tana bin tsagar tana girgiza daidai da karkacewar, inji kuma ya mayar da girgizar ta zama lantarki, lasifika ta mayar da lantarkin ya zama murya.

Ga wani ɗan lissafi da malami zai iya ba ɗalibai. Babban faifai yana juyawa sau 33 da sulusi a minti ɗaya. In gefe ɗaya ya ɗauki minti 20, ya yi juyi kusan 667 ke nan. In aka ɗauka matsakaicin tsawon kewaye ɗaya santimita 65 ne, tsawon tsagar ya haura mita 400. Wato allura tana yin tafiyar da ta kai zagaye ɗaya na filin tsere, a cikin hanyar da ba ta fi gashi faɗi ba. A irin wannan hanya, ƙwayar ƙura ɗaya tamkar dutse ce a tsakiyar titi.

Faya-fayai Iri Uku Ne

Kafin a taɓa faifai da nufin gyara, wajibi ne a san irinsa, domin abin da ke wanke wani shi ke narkar da wani.

Na farko shi ne faifan shalak, mai juyi 78 a minti. Shi ne mafi tsufa, wanda ake kunnawa da garmahon wani. Yana da nauyi, ba ya lanƙwasuwa, kuma in ya faɗi sai ya tarwatse kamar tangaran. Yawancinsa faɗin santimita 25 ne, gefe ɗaya kuma bai fi waƙar minti uku ba. Abin sha'awa ga mai nazarin halittu shi ne, shalak daga jikin ƙwaro yake fitowa. Wani ɗan ƙwaro ne mai suna Kerria lacca, da ke rayuwa a rassan itatuwa a Indiya da Tailan. Macen tana tsotsar ruwan itace, tana fitar da wani ƙaro da take rufe jikinta da shi. Shi ake kankarewa a tace, a haɗa da garin dutse da baƙin shuni a buga faifai.

Na biyu shi ne faifan roba, wanda aka fi sani. Da wata roba ake yin sa mai suna PVC, dangin wadda ake yin bututun ruwa da ita. Ƙarancin shalak a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yana cikin abubuwan da suka sa aka karkata gare ta. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifai mai faɗin santimita 30, mai juyi 33 da sulusi. A 1949 kamfanin RCA Victor ya fito da ƙarami mai faɗin kusan santimita 18, mai juyi 45. Faifan roba ba shi da nauyi sosai, yana ɗan lanƙwasuwa, kuma tsagarsa ta fi ta shalak siranta kamar sau uku.

Na uku shi ne faifan da gidajen rediyo da masu ɗaukar murya suke yankawa kai tsaye, guda ɗaya tak. Yawanci farantin alminiyam ne aka shafe shi da wani baƙin fenti mai taushi. Ana gane shi da ƙyallin ƙarfe a cikin hudar tsakiya, sau da yawa da ƙarin huda kusa da ita, da kuma suna da aka rubuta da hannu ko da tafireta. Shi ne mafi rauni, kuma shi ne mafi daraja, tun da sau da yawa ba shi da na biyu.

Bazara: Harin Zafi

A ƙasarmu kowane lokaci na shekara da irin maƙiyin da yake zuwa da shi. Na bazara shi ne zafi. Robar PVC tana cikin robobin da zafi ke tausasawa, sanyi kuma ya daskarar da su a kan siffar da ya same su. Da wannan hali nata ake buga faifai tun farko: a dumama ta, a matse ta tsakanin ƙarafa biyu masu zanen tsagar, a sanyaya. To, abin da ya gina faifai shi ne kuma yake iya rushe shi. Idan zafi ya kusanci digiri 60 a ma'aunin Salsiyas, faifai yakan fara saki. In kuwa a jingine yake a karkace, ko an danne wani sashe nasa, zafin da bai kai haka ba ma ya isa ya lanƙwasa shi a hankali.

A watan Afrilu, a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, zafin inuwa yakan wuce digiri 40. Ɗakin kwano marar silin ya fi haka. Cikin motar da aka kulle a rana yakan haura digiri 60. Daɗin daɗawa, faifai baƙi ne, baƙin abu kuwa ya fi kowane launi shan zafin rana. Faifan da aka manta a kan kujerar mota ko a bakin taga yana iya lanƙwashewa kafin a idar da sallar azahar.

Manyan ɗakunan adana sauti na duniya suna riƙe zafin ɗaki wajen digiri 18 zuwa 21. Wannan ya fi ƙarfin yawancin gidajenmu, musamman da halin da wutar lantarki take ciki. Abin da za mu iya shi ne zaɓen ɗaki mafi sanyi a gida. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ko ɗaki mai silin ya fi ɗakin kwano tsirara. A guji saman kabad da ke dab da rufi, domin iska mai zafi sama take tashi. A guji bangon yamma da rana ke duka da la'asar, da kusa da murhu ko janareta ko bayan firiji.

Haka nan kuma, faifai a tsaye ake ajiye shi, kamar littafi a kan kanta. Faifai ɗari da kwalayensu sun kai kimanin kilo 20. In aka jibge su a kwance, na ƙasa shi ke ɗauke da wannan nauyi, kuma duk ƙwayar yashin da ke jikinsa sai ta nutse cikin robar. In an tsayar da su, kada a matse su har a kasa zaro ɗaya, kada kuma a bar su su kwanta gefe. A sa katako ko kwali mai ƙarfi ya tokare su bayan kowane ashirin ko talatin. Manya su zauna da manya, ƙanana da ƙanana, na shalak kuma daban, domin ƙaramin faifai in ya jingina da babba yakan bar masa shaida.

Damina: Harin Masu Rai

Da ruwa ya sauka, sai zafi ya ja baya, laima ta karɓi aiki. Iska tana ɗauke da tururin ruwa, kuma ana auna shi da kashi cikin ɗari na iyakar abin da iskar za ta iya ɗauka. A watan Agusta wannan ma'auni yakan haura kashi 80 a yawancin ƙasar Hausa. Funfuna kuwa takan fara tsiro da zarar ya daɗe a sama da kashi 65 zuwa 70.

Funfuna halitta ce mai rai, dangin naman kaza da yis ɗin burodi. Ba ta da koren sinadarin da tsirrai ke haɗa abinci da shi daga hasken rana, saboda haka a kan abincin wasu ta dogara. Ƙwayoyin irinta, waɗanda ido ba ya gani, suna yawo a iska ko'ina, har a ɗakin da mai karatu yake zaune yanzu. Abu uku suke jira: laima, ɗumi da abinci. In sun samu, sai su fitar da zare-zare masu siranta, su zubo sinadaran da ke narkar da abin da suka hau, su tsotse. Waɗanda aka fi samu a kayan ajiya su ne dangin Aspergillus da Penicillium. Na farkon shi ne baƙin da ake gani a jikin albasa, kuma wani ɗan'uwansa ne ke sa guba a gyaɗar da ba ta bushe ba. Na biyun kuwa daga danginsa Alexander Fleming ya gano maganin fenisilin a 1928.

Me funfuna take ci a jikin faifai? Ita robar PVC ba ta ciwuwa gare ta da sauƙi. Abincinta shi ne kwali da takarda da gam, da ƙurar da ta taru cikin tsaga, da maiƙo da gumin da yatsunmu suka bari. Kowane tambarin yatsa a fuskar faifai gona ce da aka yi wa taki. Zare-zaren suna cika tsagar, kuma in sun daɗe sukan bar tabon da ba ya fita. Faifan shalak ya fi shiga haɗari, tun da asalinsa daga jikin mai rai ne, ruwa kuma yana ɓata fuskarsa.

Ban da funfuna, akwai gara, wadda ke narkar da takarda da katako da taimakon ƙananan halittun da ke cikin hanjinta. Akwai kyankyaso mai lasar gam yana barin kashi. Akwai wani ɗan ƙwaro mai ruwan azurfa da ake gani yana gudu cikin tsofaffin littattafai, shi ma gam da sitaci yake ci. Ga kuma ɓera mai yagar kwali ya yi sheƙa. Waɗannan ba su cin robar, amma suna cinye sunan mawaƙi da na waƙa da shekarar bugu. Faifan da ya rasa waɗannan ya rasa rabin tarihinsa.

Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Matakan toshe tsagar su ne waɗannan. A ɗaga faya-fayai daga ƙasa da aƙalla taƙi ɗaya, a kuma janye su daga jikin bango, domin ta nan laima da gara suke hawowa. Kantar ƙarfe ta fi ta katako. A bar iska tana ratsa ɗakin, domin funfuna ta fi son inda iska ta tsaya. In za a sa su a akwatin roba mai murfi, a rufe shi lokacin rani, iska tana bushe, a kuma jefa 'yan ƙunshin nan na farin tsakuwa da ake samu cikin kwalin takalmi ko na magani, waɗanda aikinsu shan laima ne. Akwatin da aka rufe a watan Agusta laimar watan aka kulle a ciki, kuma ina kyautata zaton abin da ya sami akwatin mahaifinmu ke nan. A riƙa dubawa sau biyu ko uku kowace damina. Kada a fesa maganin ƙwari a jikin faifai, kada kuma a sa kafur cikin rigarsa, domin sinadaran da ke cikinsu suna iya taɓa roba. Ɗakin ake yi wa magani.

Hunturu: Harin Ƙura

Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar arewa maso gabas takan kawo hazo. Kaso mai yawa na wannan ƙura daga wani kwari yake tasowa mai suna Bodele, a arewacin Chadi, wanda yake cikin wuraren da suka fi ko'ina fitar da ƙura a duniya. Shekaru dubbai da suka wuce wurin ƙasan wani makeken tafki ne, wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne. A cikin ruwan akwai waɗansu ƙananan halittu masu ƙwayar halitta ɗaya, da ake kira dayatom, masu ɓawo na sinadarin gilashi. Da tafkin ya ƙafe, ɓawonsu ya zama farar ƙasa, ita ce iska take kwasowa tare da ɓarɓashin yashi. Ke nan ƙurar da ke sauka a kan faifai a Kano ko Maraɗi tana ɗauke da gawarwakin halittun ruwa masu kaifin gilashi. Sun fi roba tauri nesa ba kusa ba. In allura ta tura su cikin tsaga, sai su kankare bangayenta, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa. Ƙarar nan ta ƙas-ƙas da ake ji a tsohon faifai, yawancinta daga nan take.

Hunturu yana da wani makami na biyu. Kowa ya san yadda rigar leda ko bargo ke tartsatsi da dare a wannan lokaci. Wannan shi ne lantarkin gogayya, wanda ke taruwa a jikin abu idan an goga shi da wani. In iska tana da laima, sai ya zurare. A hunturu kuwa laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20, sai ya maƙale. Zaro faifai daga rigarsa kawai ya isa ya cika shi da wannan lantarki, ya riƙa janyo ƙura kamar mayen ƙarfe. Goge shi da busasshen tsumma ƙara masa yake yi.

Maganin ƙura shi ne sutura. Kowane faifai ya kasance da riga biyu: ta ciki da kwalin waje. A sa ta ciki yadda bakinta zai dubi sama, bakin kwalin kuma ya dubi gefe, don kada ƙura ta sami miƙaƙƙiyar hanya. Rigar ciki mafi kyau ita ce ta leda mai laushi marar wari, ko takarda mai santsi mai tsabta. A guji takardar jarida. A guji kuma leda mai kauri mai warin sabuwar roba, domin ita ma PVC ce, kuma da zafi takan fitar da wani sinadari da ke dusashe fuskar faifai har abada. Da an gama saurare a mayar da faifai rigarsa, a rufe injin.

Hannu da Allura

Maƙiyi na huɗu ba shi da lokaci, domin kullum yana nan, wato mu da kanmu. Faifai a bakinsa ake riƙe shi da tafin hannu biyu, ko a tallafe shi da babban yatsa a baki, sauran yatsu a kan takardar tsakiya. A wanke hannu tukuna, musamman a hunturu da kowa ke shafa mai.

Allurar faifan roba ɗan ƙanƙanen lu'ulu'u ce, kuma nauyin da ya kamata ta sauke bai wuce giram ɗaya da rabi zuwa uku ba a yawancin injuna. Duk da haka, da yake bakinta ƙarami ne ainun, matsin da take yi babba ne, kamar yadda ƙusa ke shiga katako saboda tsininta. Akwai wata tsohuwar al'ada ta ɗora kwabo a kan hannun inji idan allura tana tsalle. Wannan yana ninka nauyin, yana nike tsagar. Allurar lu'ulu'u takan yi aikin awa 500 zuwa 1,000 kafin ta dakushe, kuma dakusasshiyar allura wuƙa ce. Ita kuwa allurar ƙarfe ta garmahon wani, wadda ake sakewa bayan kowace waƙa, kanta yana da nauyin da ya wuce giram 100. In aka ɗora ta a kan faifan roba, sau ɗaya ya isa ta kashe shi.

Wanke Faifai

A nan ne aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya, garin neman gira a rasa ido. Ga yadda ake wanke faifan roba. Da farko a share ƙura da burushi mai taushi ƙwarai, ana bin kewayen tsagar. Sannan a samo tataccen ruwa irin wanda ake amfani da shi a ɗakin gwajin makaranta. Ruwan rijiya da na burtsatse suna da gishiri-gishiri da ke zama cikin tsaga in sun bushe. A ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu na sabulun ruwa na wanke kwanuka cikin lita ɗaya. A jiƙa ƙyalle mai laushi marar zare, a goga a hankali ana bin kewaye, kada a ratsa tsagar. A kiyaye takardar tsakiya kada ta jiƙe. A ɗauraye da tataccen ruwa zalla, a tsayar da faifan a inuwa ya bushe sarai, sannan a sa shi a sabuwar riga. Mayar da shi tsohuwar riga mai funfuna aikin banza ne. In funfuna ta yi yawa, a yi aikin a waje, a rufe hanci da baki, kuma mai ciwon asma ya nisanci wurin.

Kada a kusantar da kananzir ko fetur ko turare ko omo ko ruwan zafi ga kowane irin faifai. Faifan shalak kuwa babban maƙiyinsa shi ne sifirit, domin shalak narkewa yake yi a cikinsa. A share shi da burushi, in ya zama dole a goga da ƙyalle mai ɗan danshi a busar nan take. Faifan rediyo mai farantin ƙarfe kada a wanke shi sam. In an ga wani farin gari mai maiƙo a fuskarsa, mai yiwuwa ba funfuna ba ce. Man zurma ne da aka haɗa fentin da shi yake ruɓewa yana fitowa, alamar fentin ya kusa tsagewa ya ɓare. Irin wannan sai a gaggauta kai shi ga masana.

Faifan roba da ya ɗan lanƙwashe ana iya sa shi tsakanin gilasai biyu masu faɗi, a ɗora littattafai, a bar shi makonni cikin ɗaki. Wani lokaci yakan miƙe, wani lokaci ya ƙi. Shanya shi a rana ko goge shi da dutsen guga yana narkar da tsagar ne gaba ɗaya.

Gwaje-gwaje Don Aji

Malami zai iya nuna duk wannan ba tare da ya taɓa faifai mai daraja ba. A yanka burodi biyu, a busar da ɗaya, a yayyafa wa ɗaya ruwa, a ɗaure kowane a leda mai haske, a duba bayan kwana biyar ba tare da an buɗe ba. A goga biro a gashin kai a kusantar da shi ga gutsattsarin takarda, a gwada a Janairu a sake gwadawa a Agusta, a kwatanta. A nannaɗe ma'aunin zafi biyu, ɗaya da baƙin ƙyalle ɗaya da fari, a ajiye a rana minti goma. In kuma an sami faifan da ya riga ya lalace, a naɗe takarda kamar mazurari, a soka allurar ɗinki a tsininta, a juya faifan a kan fensir, a ɗora allurar a hankali. Ɗalibai za su ji murya tana fitowa daga takarda ba tare da lantarki ba.

Kammalawa

Faifan roba da aka kiyaye yana iya wuce ran wanda ya saye shi. Waɗanda aka buga a 1948 suna nan ana saurarensu. Abin da yake bukata shi ne wuri mai sanyi, busasshe, a tsaye, cikin riga, da hannu mai tsabta. Duk da haka, kowane saurare yana ɗan rage shi, saboda haka ya kamata a kwafi sautin zuwa kwamfuta, a ajiye kwafin a wuri fiye da ɗaya, a kuma ɗauki hoton kwali da takardar tsakiya. Bayan an kwafa kada a yar da faifan, domin shi ne asali. In an sami wanda ake zaton ba shi da yawa, sai a tuntuɓi cibiyoyin adana tarihi, irin su Arewa House da ke Kaduna ko sassan nazarin Hausa na jami'o'i.

Hukumar UNESCO ta ware ranar 27 ga Oktoba ta kowace shekara don tunawa da kayan tarihi na sauti da hoto. A wajenmu ranar ta faɗo daidai, damina ta wuce, hazo bai sauko ba. Ina ba ɗalibai shawara, a wannan mako su nemi izinin iyaye ko kakanni, su buɗe akwatunan da ke ƙarƙashin gado, su rubuta sunan kowane faifai da mawaƙinsa, su share, su tsayar da su a inda ya dace. Faya-fayan mahaifinmu da suka tsira suna kan kantar ƙarfe a ɗakin karatuna, kuma duk watan Agusta sai na sauke su ɗaya bayan ɗaya na duba.